Kafaɗun Baba

Jiya na wuce ta ƙofar wani gidan gurasa a unguwar Utaibiyya, ƙaurin wadda ta ƙone ya buge ni, sai gabana ya faɗi. Tsofai-tsofai da ni, har da jikoki, amma ƙaurin nan bai daina ba ni tsoro ba.

A unguwar Jarwal na tashi, nan ƙasa mai tsarki, cikin ɗakunan kwano da tsumma na Takari 'yan uwanmu. Sana'ar Baba share bututun hayaƙi. A zamanin da itace ake gasa gurasa, kunkunniya takan taru a bututun har hayaƙi ya riƙa dawowa cikin tanda. Sai mai gurasa ya kashe wuta, ya aiko a kira shi. Ta saman soro yake shiga, ƙafa a gaba, igiya a ƙugu, ƙarfen kankara a hannu, ƙaninsa Baffa yana riƙe da igiyar daga sama. Ya kankare, ya zame ƙasa kaɗan, ya sake kankarewa. Da la'asar ya dawo baƙi ƙirin, yana tari, ido kawai ke haske a fuskarsa.

Bututun nan kuwa matsattse ne, ba kowa yake shiga ba. Baba siriri ne kamar kara, shi ya sa aikin ya zama nasa. Ramarsa muke ci, in gaya maka gaskiya.

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi gab da Hajji, har muka fid da rai. Da aka sauko daga Mina nama ya wadata, Inna ta yanyanka ta shanya a igiya, ta sa shi gaba da romo safe da yamma. Ya murmure, kumatu suka fito, maƙwabta suna tsokanarsa wai ya zama attajiri. Inna sai washe baki take.

Ranar da aka sake kiransa aiki, na ga ya shafa kafaɗunsa, sannan ya ɗauki igiya. Inna ma ta gani. Wunin nan ta kasa zama wuri ɗaya. La'asar ta wuce ba Baba, ta ja hannuna muka nufi lungun gidan gurasar.

Mutane cike a ƙofar. Daga cikin bango nake jin muryarsa, can ƙasa-ƙasa, yana salati. Kafaɗunsa sun maƙale a tsakiya, ga bangon bai gama hucewa ba. Baffa yana ja, yana kuka, igiya ta ƙi motsi. Mai gurasa ya hau soro da garwar man riɗi ya tuttula masa ta sama, aka ce ya fitar da numfashinsa duka. Da ƙyar aka zaro shi, fatar kafaɗu a saluɓe.

Bayan ya warke, wata yamma Inna ta cika masa kwano da tuwo. Ta tsaya tana kallon kwanon, sai ta kwashe rabi ta mayar tukunya. Baba ya leƙa ya ce, "Ƙara ragewa."

"Malam, da hannuna?"

"Da hannunki ya fi mini sauƙi."

Haka ta yi ta rage masa shekara da shekaru, kullum ta juya mana baya sannan ta kwashe. Duk ranar aiki kuma ta bi kafaɗunsa da ido har ya sha kwana.

Yanzu gas ake gashi da shi, bututun ma na ƙarfe ne, ko kyanwa ba ta shiga. Jikokina da gangan suke ƙin abinci wai kada su yi ƙiba, in yi faɗa su yi mini dariya da Larabci. Ba su san cewa ranar da Baba ya ajiye igiya, Inna ta yi masa dambun nama da shinkafa, ta cika kwano har yana zuba, ta zauna a gabansa tana jira ba. Ya ɗan taɓa, ya tsame hannu, ya ce ta yi haƙuri, cikin ya riga ya ƙi.