Kazar da Na Ba Muryar Gwaggo

Yayana mai rubuta allunan shaguna ne a Konni. Idan ka bi babbar hanya ka ga zanen kan mutum da sabon aski, ko buhun shinkafa yana murmushi a ƙofar kanti, hannunsa ne. Shekarar da aka rufe iyaka aikin ya tsaya cak, don mai shagon da ba ya ciniki ba ya neman sabon allo. Fenti ya bushe masa a gwangwani. Ya koma zaman rumfa da wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da wani soja ya bar masa lokacin da aka yi masa canjin wurin aiki. A kanta ya koya wa kansa yadda ake sa zane ya yi motsi.

Ni kuwa ina koyarwa a wata lakwal ta unguwarmu. Tun ina ƙarama Allah ya ba ni kwaikwayon murya. In na ji mutum ya yi magana sau biyu, to na ɗauke shi ke nan.

Wata ranar Asabar da hantsi na biya ta rumfarsa, ya ce in zauna.

"Katun zan yi," ya ce. "Ba na yara ba, na manya. Kan wannan halin da muke ciki. Ke za ki yi muryoyin mata."

Ya nuna mini garin da ya zana, gari ne na dabbobi zalla. Akwai jaki mai kanti da ke goge farashin tiyar hatsi ya rubuta sabo tun mai saye bai gama gaisuwa ba. Akwai raƙumi da ya sayar da gonarsa ya sayi waya mai tsada don ya riƙa ɗaukar hoton gonakin mutane. Sai kuma wata kaza mai ƙiba, da ɗaurin kallabi, wadda ba ƙwayar hatsi a akurkinta amma kullum tana dawowa daga kasuwa da sabbin kwanoni. 'Yan tsakinta a cikin kwanonin suke kwana da yunwa.

Na gwada wa kazar murya uku, ba wadda ta zauna. A ta huɗu sai na ji na yi ɗan tari, na ja ƙarshen magana ta hanci, na ce, "Ai araha ce, in ban saya ba wata ta saye." Yaya ya yi dariya har ya zame daga benci.

"Ita ce! Kar ki canja komai."

"Yaya, muryar Gwaggo ce fa."

"Wa zai gane? Kaza ce."

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Sana'arta dillancin kayan ɗaki: takan tsallaka iyaka ta sayo kwalla da kuloli da samira, ta sayar wa iyayen amare. Da aka rufe hanya sana'ar ta mutu, amma ɗakinta bai daina cika ba. Duk zuwan da zan yi sai na tarar da sabon abu, yau tire, gobe kan keken ɗinki, har wani firiji ƙarami ta ajiye a lungu, a lokacin da kuran, wato wutar lantarki, yake yin kwana biyu bai zo ba. Ita kuma tana ramewa, tana shan fura ba nono. Mu kai mata hatsi, bayan kwana uku hatsin ya ɓace, kwanoni su ƙaru. In an yi magana ta yi ɗan tarinta ta ce araha ce.

Saboda haka ba zan ce muryar ta zo mini bisa kuskure ba. Muna jin haushinta, ni da Yaya, kuma ba wanda ya iya faɗa mata a ido.

Katun ɗin ya fita, aka yi ta tura shi waya zuwa waya. Kafin sati biyu 'yan kabu-kabu suna faɗin maganar kazar a tasha. Wata ƙawata da ke aiki a Malbaza ta kira ni tana dariya, ta ce a buro ɗinsu, wato ofis, ba a fara aiki sai an kalla. Mutane na cikin ƙunci, sun samu abin da zai sa su dariya kan ƙuncin nasu. Wani mai sayar da wayoyi ya nemi a sa tallarsa a ƙarshe, Yaya ya shigo gida da buhun shinkafa a karon farko cikin watanni. Na ga matarsa ta juya baya tana share ido. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

A kashi na uku na katun ɗin kazar ta sayo firiji, ba kuran, sai ta koma tana yin ƙwai a ciki. Wannan ne ya tona mu, domin duk unguwar an san mace ɗaya ce ta sayi firiji a wannan shekarar.

A gidan suna Gwaggo ta gani, ina wurin. Bayan azahar ne, mata sun cika tsakar gida ana jiran abinci, wata ta kunna a wayarta. Dariya ta tashi, sannan ta riƙa raguwa, idanu suna komawa inda Gwaggo take zaune bisa tabarma. Ta miƙa hannu ta ce a ba ta. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta, yadda take yi in tana duba zanen kwalla, ta kalla har ƙarshe.

"Wa ya yi magana nan?" ta tambaya.

Ta ɗago ta dube ni.

"Kin iya, ɗiyata. Har tarin."

Ta yi dariya, matan suka samu damar yin tasu. Ta ci abinci kaɗan, ta yi wa mai jego addu'a, ta tafi tun kafin la'asar. Na ce a raina abin ya wuce lafiya.

Bayan kamar kwana goma wata mata ta yi sallama a gidana. Na san ta sama-sama, mijinta direban babbar mota ne da ke jigila zuwa ƙetare, motar tana fake tun da aka rufe hanya. Tana riƙe da ƙunshi a cikin mayafi. Ta daɗe tana gaisuwa kafin ta kwance, kula ce mai kyau, irin ta kayan aure.

"Na kai wa Gwaggonki, ta ce ta daina saye," ta ce, kanta a ƙasa. "Na ce ko ke kina so."

Na tambaye ta ko ta saba kai mata kaya. Ta ce tun farkon tsayawar mijinta. In abinci ya ƙare ta ɗauki abu ɗaya ta kai, Gwaggo ta jujjuya shi, ta yaba, ta auna mata hatsi fiye da abin da kayan zai yi a kasuwa, sannan ta ce, "Kin yi mani araha, Allah shi yi albarka." Ta ce ba ita kaɗai ba ce. Firijin na wata mai sayar da ruwan sanyi ne da rashin kuran ya kashe wa sana'a. Kan keken na wata bazawara ne.

"To me ya sa ta daina?" na ce, ko da yake na fara ganewa.

"Yanzu duk wadda aka gani ta nufi gidan da ƙunshi, sai a bi ta da kukan kaza. Kuma mata sun fara shiga ɗakin kallon kaya, suna gane na wance ne wannan, na wance ne wancan."

Na auna mata abin da nake da shi, na ce ta koma da kularta. Ta ƙi. Ta ajiye ta a bakin ƙofa ta fita da sauri.

Ranar ban koma lakwal da rana ba, gidan Gwaggo na wuce. Na tarar ta lulluɓe kayan duka da tsofaffin zannuwa, tana zaune a gindin darbejiya tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta.

"Gwaggo, don me ba ki gaya mana ba?"

"In gaya muku mi? Asirin mutane ne, ba nawa ba." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Mace ta ɗauko kwanon aurenta ta zo har gidanki. In kin ce mata ga sadaka, gobe ba ta iya haɗa ido da ke a hanya. In kin ce kin saya, ta shigo da mutuncinta ta fita da shi."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun a gidan sunan.

"Dariyar ba ta dame ni ba, na tsufa da wannan. Abin da ya dame ni, yanzu ba su zuwa. Kuma yunwar ba ta tafi ba. Ban san inda suke kai kayan ba, ban san mi ake ba su ba."

Na je na gaya wa Yaya. Ya ce zai gyara, zai yi kashi na musamman a nuna dalilin kazar, a ga duk garin dabbobin ita ke ciyar da su. Ya kwana biyu yana zane, muka je tare ya faɗa mata. Ta bar shi ya gama.

"In ka yi wannan," ta ce, "ka tona kowace mace da ta taɓa shigowa gidan nan. Ni ka riga ka yi da ni, ka bar su su."

Haka muka fito. Ba mu da hanyar janye abin da ya fita, ba mu da izinin yin bayani. Yaya ya cire kazar daga labarin, ya yi kashi biyu da jakin da raƙumin kawai. Mutane suka ce ba daɗi, ina Hajiya kaza? Tsofaffin katun ɗin kuwa suna nan suna yawo. Na sha wucewa ta wurin mai shayi in ji muryar Gwaggo tana fitowa daga wayar wani, in san daga bakina ta fito. Daga baya Yaya ya rufe ordinatar ya sa ta a buhu, ya bi masu lodin albasa.

Bayan damina ƙafafun Gwaggo suka fara kumbura, ɗanta da ke aiki a Illela ta wajen Tawa ya ce ta koma wurinsa. Kwana biyu kafin tafiyar ta aika a kira ni. Ta yaye zannuwan, ta riƙa nuna kaya ɗaya ɗaya tana faɗin gidan da ya fito. Ba ta manta ko murfi ba.

"Ki mayar musu. Da tsakar rana za ki je, lokacin da kowa ke cikin ɗaki. Ki ce ba ni da wurin ajiya a can, su taimake ni su riƙe."

Na ɗauki amalanken jaki, na rufe kayan da tabarma, na yi yini biyu ina bin gidaje cikin zafin rana. Wata ta karɓi samirarta ta rungume. Bazawarar mai keke ta zauna a ƙasa tana kuka har na rasa yadda zan yi da ita. Wata ta ce ita ba ta san zancen ba, ba ta taɓa sayar da komai ba, ta rufe ƙofa, sai na ajiye tiren a zaure. Mai firijin ban same ta ba, an ce sun tattara sun koma ƙauyensu wajen Bazaga.

Sau biyu na je Illela duba ta. A zuwa na biyu ta rame ƙwarai, ba ta fita ko tsakar gida. Muna zaune ta ce in yi mata muryar marigayi mahaifinmu, yadda yake kiran ta in ya dawo daga gona. Na ce na daina wannan abin. Ta ce ba tambayata take ba. Na yi. Ta rufe ido ta amsa kiran kamar yana bakin ƙofa, sannan ta ce ya isa, in ɗebo mata ruwa.

Ta rasu kafin azumi. Ranar addu'ar uku mata bakwai suka zo daga Konni a mota ɗaya, ba danginmu ba ne, ɗanta ma bai san su ba. Suka zauna gefe guda, suka yi gaisuwa, ba wadda ta faɗi abin da ya haɗa ta da mamaciyar. Yaya yana waje cikin maza, bai ci komai ba duk yinin.

A hanyar komawa matar direban ce ta zauna kusa da ni. A Tsarnawa motar ta tsaya sauke wasu fasinjoji. Matar ta sayi ƙuli-ƙuli ta taga, ta raba biyu ta ba ni rabi. Ta ce mijinta ya sayar da babbar motar, ya samu gadi a Tawa, ƙarshen wata za su tashi. Na yi mata fatan alheri, ta ce amin, direba ya tayar da mota.