Tambayar da Kawu Ya Ce Zai Kawo Amsarta Gobe

Kawu, yayan mahaifiyata, ya ƙare aikinsa yana koyar da lissafi a sakandare. Ɗalibai sun laƙaba masa Malam Sake-Duba, don ko amsarka daidai ce sai ya tura maka takardar ya ce, "Sake duba." Hannun rigarsa kullum fari fat da alli. Idan aka kawo sababbin littattafai, kafin ya raba sai ya sa reza ya yanke shafukan baya inda aka jera amsoshi. A wurinsa leƙen amsa sata ce, ko da littafin naka ne. Shi ma bai taɓa leƙawa ba, kuma bai taɓa tambayar wani malami yadda ake warware wani abu ba.

A reshen lissafin da ake kira kalkulas ayyuka biyu ne manya, kuma ya ba su sunaye nasa. Idan an ba ka lissafin tafiyar mota aka ce ka fitar da gudunta, wannan gangara ce: akwai dokoki, ka bi su ka sauka lafiya. Idan kuwa gudun aka ba ka aka ce ka komo da tafiyar, wannan hawa ne. Hawa ba shi da hanya ɗaya. Sai dabara da canki da haƙuri, kuma nan ne Kawu ya yi suna.

A shekararsa ta ƙarshe wata ɗaliba ta ƙirƙiro tambaya da kanta, ta rubuta a allo: sin x a sama, x a ƙasa. Ta ce, "Malam, wannan fa, yaya ake hawansa?" Ya gwada har aka buga ƙararrawa. Ya ce mata, "Gobe zan kawo miki." Goben bai kawo ba. Yarinyar ta gama makaranta, shi kuma ya yi ritaya, ya koma gida da tambayar.

Na dawo daga karatu na tarar ya shafa wa bangon ɗakin ajiya baƙin fenti ya mai da shi allo. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta tare ni a tsakar gida tana shanya.

"Ka ga kawunka? Likita ya ce zuciya ce, ya huta. Hutawa! Da ya idar da sallar asuba yake shiga ɗakin nan. In na kai masa abinci sai ya ce in ajiye a kan buhu, kada in taka masa alli. Amma ka bar shi. Ranar da bai shiga ba, ranar ce jikin ke tashi."

Na shiga. Ɗakin na warin alli da tsohon fenti. An tura buhuna da wani karyayyen keke gefe, bangon kuwa cike yake da rubutu tun daga inda hannunsa ke kaiwa har kusa da ƙasa. A can sama tambayar take, ya zagaye ta.

Ina ganinta na gane ta. A inda na yi karatu, ita ce ake fara kawowa misali idan ana son nuna cewa wasu hawan ba sa yiwuwa. Amsarta tana nan, ana iya kusantar ta da lambobi, amma ba za ta rubutu da alamomin da ake koyarwa a aji ba, komai dabarar mutum. An tabbatar da haka tun da daɗewa. Daga baya masana suka tsara hanya mataki-mataki wadda kwamfuta ke bi: ko ta fitar da amsa, ko ta nuna babu.

"Ɗan boko ya dawo," in ji Kawu, yana goge hannu a riga. "An ce yanzu injin ke yi muku hawa, ku kuna zaune kuna shan shayi."

"Wani lokaci, Kawu."

"To, kada ka faɗa mini amsa. In ka faɗa, na kore ka daga gidan nan. Abu ɗaya nake so. Dubi layin nan na ƙasa. Ina kan hanya, ko na kauce?"

Na tsaya ina bin layukan. Babu kuskure ko ɗaya. Na ce aikin yana da tsabta, na yaba wata dabara da ya yi a tsakiya. Ya ƙura mini ido irin na mutumin da ya daɗe yana tsaron jarrabawa.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na tuna maganar Inna. Na kuma san idan na ce yana kan hanya, zai yarda da ni. Sai na faɗa masa gaskiya, a hankali, da kalmomin da shi ya koya mini.

Ya jawo kujera ya zauna.

"Injin gajiya ya yi, ko sani ya yi?"

"Sani ya yi, Kawu. Akwai hujja."

"Tun yaushe aka sani?"

"Tun kafin a haifi kakanku."

Ya daɗe yana juya guntun alli a tafinsa. Da ya yi magana, ba maganar shekarun da ya kashe a kan tambayar ya yi ba.

"Yarinyar nan ta tafi tana ganin tambayar banza ta yi, shi ya sa Malam ya manta. Ashe babbar tambaya ce. Ko sunanta ma ya ɓace mini."

Ya ce in koya masa hujjar, don ba zai karɓi babu daga bakin inji ba. Na riƙa zuwa da rana bayan azahar. Muka goge rabin bangon, na fara daga tushe. Da farko yana tare ni da tambayoyi masu kaifi, har ya kama ni da tsallake mataki ya yi dariya. Amma hujjar tana da tsawo, tana bukatar abubuwan da ba a koya masa ba, kuma numfashinsa ba ya barin shi ya daɗe a tsaye. Wata rana muna tsakiya ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Na ga inda za ta. Gaskiya ce."

Bai sake shiga ɗakin ba. Yanzu sai rana ta ɗaga yake fitowa, a kafa masa kujera a bakin ƙofa, ya zauna yana kallon masu wucewa. Wasu tsofaffin ɗalibansa kan tsaya su gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambaye su iyali. Ƙafafunsa sun fara kumbura.

Rannan na kawo masa magani, Inna ta karɓa a zaure. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ban san lissafi ba, ɗan nan. Ban ce ka yi ƙarya ba kuma. Amma da can, da sassafe yake tashi."

Ta juya ta shiga ciki da ledar maganin.