Yadda Yayana Ya Dawo Daga Indonesiya

Yayana ya je Indonesiya saro yadi, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi a can. Ina shagonmu a Agege na fara koyon harshensu a waya, don in fahimci matar da ke jinyarsa.

Na koyi "pulang", wato mutum ya koma gida da ƙafarsa. Ran nan saƙonta ya zo da "pulangkan". Na bincika, ashe in an liƙa "kan" a ƙarshen kalmar, wani ne zai mayar da kai.

Inna ta ce, "Yaushe zai dawo?"

Na ce, "Kawo shi za a yi, Inna."

A keken marasa lafiya muka tarye shi a filin jirgin sama na Ikeja. Har yau bai taka ba.