Yaya Illo da Motar da Ta So Ta Ɓata Mana Suna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da sanƙarau ya ɗauke wana, Illo, mai gyaran wayoyin mota a bakin tashar Madawa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in kun ga rubutun ya karkace ku yi mini uzuri. Bana dai na kasa yin shiru, don saura kaɗan a kira maigidana ɓarawo a bainar jama'a, kuma wanda ya tare mana wannan kunya ya daɗe a ƙasa.

Da innarmu ta rasu, bayan babban fari, shi ya ɗauko ni daga Babankatami ya riƙe ni. Ba shi da shago. Wata bagaruwa ce ke nan, da tabarma, da batir ɗaya, da ƙwan fitila mai jela biyu. In ya taɓa waya da jelar ƙwan ya kama, akwai wuta, in bai kama ba ya matsa gaba. Har yau in rana ta take na rufe ido, nakan ga ƙafafunsa biyu sun fito daga ƙarƙashin wata motar kaya, bashe, tafinsu fari da ƙasa, babban yatsa na motsi kamar mai bin kiɗan da shi kaɗai ke ji. Fuskarsa ta fara ɓace mini. Ƙafafun dai suna nan.

Ba shi da saurin cire ƙarfe ya jefar. Shofer, wato direba, zai zo a fusace ya ce fitila ta mutu a canza, sai ya ce, "Ƙyale ta tukuna, aboki. Wanda anka aika bai iso ba, ka san ko korama ce ta kawo?" Sai ya kama wayar tun daga tushe yana bi da yatsa, ta bayan kujera, ta ƙarƙashin shimfiɗa, har ya tarar da inda ɓera ya ci ko inda ƙarfe ya goge ta. Motocin gero da albasa ba sa rabuwa da ɓera.

To, kowa ya daɗe zai ga daɗau. Maigidana shofer ne, yana tuƙa motar wasu baƙi masu aikin rijiyoyi tsakanin Madawa, Buza da Keita. Da ita sunka zo daga ƙasarsu, kuma ba irin namu ba ce. An ce akwai wani akwati a cikinta mai tunani, shi ke auna mata isansi, man da take sha. A jikin bututun hayaƙinta kuma an dasa wani ɗan ƙarfe kamar buji, wato fulogin inji, masu gareji na ce masa sond. Aikinsa shinshina hayaƙi, ya aika wa akwatin labari ta waya: ta ƙoshi, ko tana so a ƙara. Da na ji haka na yi ta tunanin Yaya. Me zai ce a kan motar da anka yi wa hanci? Ina jin zai yi dariyar nan tasa marar sauti, ya tambaya ko an yi mata bakin yin ƙarya.

Bayan an gama girbi motar ta fara shan isansi kamar raƙumin da ya fito daga Azbin. Wata 'yar fitila ta kama a gaban shofer ta ƙi mutuwa. Anka kai motar Tawa, anka ce sond ɗin ne, anka jira sabo har ya iso anka sa. Shan bai ragu ba. Daga nan ido ya koma kan mai tuƙi. Ban ga laifin shugabansu ba, mutumin kirki ne, amma muna kusa da iyaka, kowa ya san yadda isansi ke yawo a kwalba a bakin hanya. Ya kira maigidana ya ce in wata ya mutu abin bai canza ba, sai ya nemi wani shofer. A tasha har an fara tsokanarsa: "Shofer, a sam mana kwalba guda mana, ko ta gidanku ce kaɗai?"

Rasa aikin ma da sauƙi. Shofer da anka kora don sata, daga nan har Ƙonni ba mai sake ba shi makulli. Ɗiyana uku, ta goye ba ta da ƙarfin ƙirji, tari kaɗan sai mun nufi asibitin mishan. Na riƙa kallonsu suna cin tuwo ina jin kamar wani ya riga ya tsaya a ƙofa yana nuna su da baki. Maigidana kuma ya daina hira. Ya ci abinci ya juya wa bango fuska. Ban taɓa tambayarsa ko ya ɗiba ba, amma Allah ya sani tambayar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Wata rana da hantsi ya tsaya da motar a ƙofar gida ya sha hura, ya bar ta a kunne. Ina tsugune ina wanki hayaƙin ya bugo ni, idona ya yi yaji, ta goye ta fara tari. Sai na ji kamar ba a gidan nake ba. Ga bagaruwa, ga inuwarta mai ramuka, ga Yaya ya zagaya bayan wata mota ya zura yatsa a bututu, ya duba, ya kai hanci. "Dije, zo ki gani. In ya fito da toka, lafiya. In ya fito baƙi kamar gindin tukunya, abincin da ba ta tauna ba ne take zubarwa." Da anka kashe motar na bari ta huce, na zura nawa yatsan. Ya fito baƙi ƙirin, yana warin ɗanyen isansi.

Na nuna wa maigidana. Ya ce, "Ke da wankinki, me kika sani a mota?" Na ce, "Maigida, ban san kome ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ka je wurin Baba Yohanna."

Baba Yohanna abokin Yaya ne, Kirista, tare sunka koyi aiki, yanzu yana garejin mishan inda irin waɗannan motoci ke zuwa. Maigidana ya ba ni labarin yadda anka yi. Tsohon bai taɓa sond ɗin ba. Ya sa na'urarsa mai allura a bakin wayar, ya girgiza kai, ya kwanta ya kama bi da hannu. Can sama, inda ido ba ya kai, ya zaro guntun karan gero. Shoferorinmu in an cire amfani sukan bar hanya mai gargada su ratsa ta gonaki. Karan ne ya fizgi wayar ya kwantar da ita a kan bututu mai zafi, robarta ta narke, ta manne da ƙarfe. Tun daga ranar, kome sond ya faɗa, abin da ke isa ga akwati guda ne: yunwa, yunwa. Shi kuwa akwati yana ta zubawa. Baba Yohanna ya yanke wurin, ya haɗa, ya naɗe, ya ɗaure ta nesa da zafi. Ya ce, "Kai wa shugabanku wannan guntun, ya gani da idonsa. Ka gaida mini ƙanwar Illo, ka ce har yanzu ba ta kawo mini hurar da ta yi alkawari ba."

Fitilar ta mutu, shan ya koma daidai, aikin maigidana ya tsira. Shugaban ya ba shi hannu a gaban sauran ma'aikata. 'Yan tasha dai ba su bar tsokanar ba, waya ta fi suna saurin ɗinkuwa.

Nakan zauna in auna abin da Yaya ya bari. Bagaruwar an sare ta an yi rumfar mai shayi. Kayan aikinsa 'yan uwa sun raba, ɗa bai bari ba, hoto babu. Da yana nan ban sani ba ko zai iya da akwati mai tunani, wataƙila ya sha wuya, wataƙila ya ce wannan ma ɗan aike ne da hanyarsa. Abin da na tabbata, tambayar nan da na haɗiye, haƙurinsa ne ya riƙe mini ita. Da ta fito, da an gyara mota an bar gidana a ɓace.

Fargaba kam ba ta sake ni ba, haka anka halicce ni. Duk ranar da motar ta tsaya a ƙofa, nakan jira maigida ya shiga ciki, in zagaya baya kamar mai neman kaza. Maƙwabciyata tana leƙowa ta kan danga tana dariya, "Mekanisiya, yau me likita ya ce?" In ɗaga mata yatsa. Jiya toka ce. Na yi wa Yaya addu'a a tsaye a wurin, Allah ya haskaka kabarinsa, na goge hannu a zane na je na ɗora tukunya.