Sunan Da Inna Ta Faɗa A Bakin Iyaka

Shekaru sun ja, kaina ya yi fari, abubuwa da yawa sun zube mini. Wani lokaci sai na kira jikoki biyu ko uku kafin in dace da wanda nake nema. Amma ranar da muka tsaya ni da surukata a bakin iyakar ƙasar da Faransa ke mulka a arewa da mu, wannan kam tana nan daram a zuciyata, kuma ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina.

Zamanin Turawa ne, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ni 'yar Kankiya ce. Bayan na gama makarantar 'yan mata aka yi mini aure, aka kai ni Kusada gidan wani malamin dabbobi na En'e, wato hukumar gargajiya. Mahaifiyarsa, wadda duk gida muke kira Inna, Bafulatana ce daga rugagen wajen ƙauyen Boko, doguwa, siririya, mai ƙarancin magana. Ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. A wurinta na koyi dama fura yadda ba ta gudaji, ita kuma takan zauna kusa da ni in ina karatun Alƙur'ani da hantsi, tana kaɗi tana saurare.

'Ya'yanta maza biyu ne. Maigidana shi ne ƙarami, shi kam sunansa a bakinta yake tun safe har yamma. Babban kuwa, wanda muke ce wa Yaya, tun yana saurayi fatauci ya kai shi Maraɗi, ya yi aure can ya zauna. Shi ne ɗanta na fari, kuma a al'adarsu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarsa. In magana ta biyo ta kansa sai Inna ta ce "mutumin can", ta kau da kai. Ni da ƙuruciya da 'yar bokona, har cikin raina nakan ce wannan tsohuwa ba ta son ɗan nan nata.

Wata rana bayan an gama girbi, wani mai fataucin fata ya biyo ta Kusada ya ce Yaya ya faɗo daga kan mota, ƙafa ta karye, ɗori ya ƙi kamawa, yana kwance tun damina. Inna tana tankaɗe aka faɗa. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Allah shi sawwaƙa," ta ci gaba da aikinta. Sai dai na lura garin nan ta tankaɗe shi, ta sake mayar da shi cikin rariya, ta kuma tankaɗewa.

Bayan kwana biyu ta ce da maigidana, "Ina son in tahi in gano jikokina na Maraɗi. An ce sun yi wayo, ba su san ni ba."

Ya ce, "Jikoki kawai, Inna?"

Ta harare shi. "To, wa gare ni can in ba su ba?"

A lokacin, mai ƙafa da mai jaki ba ruwansu da wata takarda. Su bi ta daji, su kwana a ƙauyukan dangi, su wayi gari a ƙasar Faransa ba wanda ya ce musu kanzil. Amma Inna gwiwoyinta sun gaji, sai dai mota, ita kuwa mota dole ta bi ta shingen Turawa. Ga shi maigidana ma'aikaci ne, ba ya yiwuwa a ce ya tsallaka a ɓoye. Don haka muka shiga neman takardar izinin shiga, mu uku, don an ce in bi su in riƙa kula da tsohuwa.

Sharaɗin farko shi ne lamba, wato rigakafin agana. Muka je ɗakin shan magani na Kankiya aka karce mana damtse. Inna ta dubi nata ta dubi maigidana ta ce, "Kai da kake yi ma shanun mutane, yau ga uwarka an yi mata." Na biyu shi ne hoto, sai da muka je Katsina. Mai hoton ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle yana ta cewa, "Iya, dube ni nan." Ita kuwa ina za ta ƙura wa namijin da ba ta sani ba ido? Hoton ya fito rabinsa mayafi, rabinsa goshi. Na uku, sai an rubuta sunan wanda za ka sauka wurinsa da abin da ke tsakaninku. Malamin hakimi ɗan gari ne, ya san al'ada. Bai ko tambaye ta ba, ya sunkuya ya rubuta sunan Yaya da kansa, ya rubuta cewa ɗanta ne.

Ana jiran takarda ta fito, Inna ta shiga haɗa tsaraba. Man shanu, daddawa, kuka, sai dakuwa cike da ƙwarya wadda ta daka da hannunta, ta hana kowa taya ta. Na ɗan gutsura na kai baki, sai da hawaye ya zubo mini.

Na ce, "Inna, wannan yajin ai ya fi ƙarfin yara."

Ta ce, "Yaran can haka suke son ta."

Na ce a raina: Yaran da ba ta taɓa gani ba. Daga baya maigidana ya raɗa mini cewa Yaya ne tun yana ƙarami ba ya cin dakuwa sai mai yaji.

Ranar tafiya muka hau babbar mota daga Katsina, mata a gaba kan buhuna, maza a baya. A Jibiya ba mu sha wata wahala ba, aka duba aka buga hatimi. Da muka ƙara gaba sai ga shingen Faransawa: wani dogon itace a gicciye bisa hanya, rumfa, da tuta mai launi uku. Aka sauke mu duka. Aka fara da maza, duk wanda aka sallama sai ya wuce bayan itacen, ba shi da izinin dawowa. Maigidana ya wuce, ya tsaya can yana hangen mu.

A cikin rumfar akwai Bature zaune a tebur, fuskarsa ta yi ja saboda rana, da tafintansa, wani mutumin bakin teku mai gajeren wando, Hausarsa tsinta-tsinta. Ashe an sha kama masu shiga da takardar aro, shi ya sa suka kafa doka: kowa ya faɗi da bakinsa sunan wanda zai je wurinsa, su gwada da abin da ke rubuce. A cikin mata, ni aka fara kira. Takardata ta ce ina biye da mijina ne. Na sunkuyar da kai na faɗi sunan maigidana can ƙasa-ƙasa, kunya kamar in nutse, aka buga mini hatimi. Na ƙi wucewa, na tsaya riƙe da ƙwaryar Inna.

Baturen ya dubi hoton Inna, ya dube ta, ya sake duban hoton, ya ɗaga kafaɗa. Tafinta ya ce, "Mama, wurin wa za ki?"

Ta ce, "Wurin jikokina."

"Gidan wa?"

"Gidan ubansu."

"Uban nasu, mene ne sunansa?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ta dubi ƙasa.

Na matsa na ce, "Malam, ɗanta ne na fari, a wurinmu ba a..." Ya ɗaga mini hannu. "Ke an gama da ke. Ita za ta faɗa." Sai na juya ga Baturen na zuba masa Turancin da nake taƙama da shi, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juya ga tafinta ya tambaye shi me na ce. Ashe Turanci ma iri-iri ne, nasa daban, nawa daban. Yau in na tuna sai in yi ta dariya, amma a ranar kuka ne ya kusa ƙwace mini.

Direba ya fara buga jikin mota yana cewa rana tana yi. Matan da ke bayanmu suka shiga roƙo. Wata tsohuwa mai goro ta ce, "Haba ɗan nan, ka taɓa jin inda uwa ta kama sunan ɗan fari? Kai ba a haife ka ba ne?" Wata ta ce da Inna, "Baiwar Allah, runtse ido ki faɗa, lalura ce, mu duk mun toshe kunne." Maigidana daga can ya ɗaga murya zai faɗi sunan, wani mai gadi ya daka masa tsawa. Baturen ya ture takardar Inna gefe guda, gefen waɗanda za a mayar. Na san in aka mayar da ita yau, da wuya gwiwoyin nan su sake hawa mota, shi kuma na kwance ba wanda ya san abin da Allah zai yi da shi.

Tafintan ba mugu ba ne, rashin sani ne. Ya tattara takardar zai miƙa mata, ya ce, "Mama, ki koma gida. Hoto bai nuna ke ba, suna ba ki sani ba. Wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba?"

Sai na ga Inna ta saki mayafin. Ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido, abin da mai hoto ya yi ta roƙo bai samu ba.

Ta ce, "Ni ce ban san sunanai ba?"

Ta faɗe shi. A hankali ta faɗa, amma duk rumfar an ji. Kuma da bakin ya buɗe bai tsaya nan ba. Ta ce, "Ran Alhamis na haihe shi, ana ruwa, gero ya fara fidda kai. Yana da tabo a ƙwauri na hagu, kaifin fartanya ne, ina bayan danga ina kallo aka ɗaure mashi, ban iya zuwa ba. Ba shi cin dakuwa sai da yaji. In yana dariya yana dafe ƙeya kamar ubanai. Rubuta duka, in takardar taka tana da wuri."

Tsohuwa mai goro ta share ido da gefen zane. Tafinta ya juya ya yi wa Baturen magana mai tsawo, muryarsa ta sauka. Baturen ya jawo takardar, ya duba sunan, ya buga hatimi, ya miƙe tsaye ya ba ta da hannunsa. Tafinta ya ce, "Mama, yi haƙuri. A garinmu ba haka muke ba." Inna ta mayar da mayafinta ta ce, "Ba komi, ɗana. Kowa da garinsu."

Muka koma mota. Na riƙe hannunta har muka shiga Maraɗi.

Na zaci in ta ga Yaya za ta rungume shi. Ina! Yana kwance a rumfar tsakar gida, ya rame, ya yunƙura zai tashi yana cewa, "Inna, sannu da hanya." Ta wuce shi kamar ba ta gani ba, ta shige ɗakin matarsa, ta tara jikoki a cinya. Can na ji tana tambayar matar, "Mutumin gidan naku yana cin abinci kuwa? Wane mai ɗori kuka kira? Ku sake wani."

Da la'asar maigidana ya ba wansa labarin shinge. Ina bayan zana ina wanke kwanuka, sai na ji Yaya ya yi gyaran murya ya ce, "Amarya, an ce ke kina kusa. Da gaske ta faɗa?"

Na ce, "Da gaske, Yaya."

"Yaya ta faɗe shi?"

Na ce, "Ai ni ma bakina ba zai iya ɗaukarsa ba. Amma ta faɗe shi kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da madara, tana tsoron kada ta zube."

Mutum mai furfura a gemu, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, ranar da ta faɗa kuma ba ya wurin. Sai ya ce a miƙo masa dakuwar nan. Yana ci hawaye na zuba, yana cewa, "Kai, yajin nan da ƙarfi yake." Daga cikin ɗaki Inna ta ɗaga murya: "Ku ce ma mutumin can ya rage ci, ta yara ce."

Muka yi kwanakin da takarda ta ba mu. Sabon mai ɗori ya dace, kafin mu taso Yaya ya fara takawa da sanda, har ya rako mu tashar mota. A hanyar dawowa na kasa haƙuri na ce, "Inna, ya yi miki nauyi ko, sunan nan?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyata, kullum ina faɗin shi. Bayan kowace salla ina faɗa ma Wanda ya ba ni shi. Mutane ne dai ban taɓa faɗa mawa ba."

Tun daga ranar na daina auna ƙaunar mutum da abin da bakinsa ke furtawa. Wani yana ɗauke da kai a zuciya shekara da shekaru, kai kana ganin ya kau da kai ne. Da Allah ya ba ni nawa ɗan farin, ni ma ban iya kiran sunansa a gaban mutane ba. Amma in na idar da salla ina yi masa addu'a, nakan ɗan ɗaga murya, yadda in yana kusa zai ji.