Ranar da Garin Masara Ya Cinye Mini Gira

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Alhamis abin ya fara lalacewa, kuma ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi. Na san lokacin ne don ni komai rubutawa nake yi. Ina aji biyu na sakandare, muna zaune a unguwar Alƙalawa ta Jimeta, ana tsakiyar yaƙin basasa, ba a hirar komai a Jimeta sai bam.

Dada, mahaifiyata, ta sa ni tankaɗe a madafi. Rariya a hannu, littafi buɗe a cinya. Ƙwaryar garin ta suɓuce daga kan turmi, gari ya turnuƙe, ya tarar da wutar murhu. Sai haske, sai ƙara. Da na duba madubi, ba gira ko ɗaya, gashin goshina ya babbake.

Littafin kuwa labarin bam ɗin nukiliya ne da aka jefa a Japan: haske, ƙara, zubewar gashi, sannan mutuwa. Uku sun cika, saura ɗaya. Kunya ta hana ni tambayar kowa. Na ja layi a littafin rubutu, kowace safiya ina ƙirga gashin da ya maƙale a mataji. Ranar Lahadi na raba gado, Adda, yayata, ta samu alƙalamina.

"Tafiya za ki yi?" in ji ta.

"Mai nisa."

"To ki bar mini takalmin ma."

Litinin na miƙa wa malamin kimiyya lissafina na gashi da na rabon gado, kaina a sunkuye. Ya karanta, ya yi dariya har ya cire tabarau.

"'Yata, naki gari ne ya watsu cikin iska, wuta ta lashe shi gaba ɗaya. Akwai bam mai aiki haka, man fetur yake fesawa maimakon gari. Sai da iska yake ci, in ya ƙone kuma ya gama. Na nukiliya ƙwayar zarra yake fasawa, ba ruwansa da iska, kuma gubarsa tana daɗewa a wuri. Girarki za ta fito. Gaba, in abu ya dame ki, buɗe baki kafin ki raba gado. Alƙalamin ne dai ban ce zai dawo ba."