Sarƙar Da Ta Ɗaure Keken Baba

Shekara huɗu ke nan da muka binne mahaifina, Baba Dogara, mutumin da ya je Legas ya dawo a kan keke ba tare da ya bar gindin mangwaronmu ba.

Ɓarayin babur ne suka tare shi a hanyar Gidan Waya. Suka sauke masa rodi a ƙeya, suka yar da shi cikin jini a bakin gonar citta. Ya rayu, amma wani mutum daban asibiti ya sallamo mana. Cokali ya faɗi, sai kwano ya tashi sama. Na ƙware a kauce wa jifa har ƙadangaru na zuwa ɗaukar darasi. Ranar da muciya ta fasa goshin Mama kuwa, dariya ta ƙare. Ƙannen Baba suka zo da sarƙa, wai aljani ne, a kai shi gidan addu'a a ɗaure. Rashin sani ya fi dare duhu.

Mama ta tare ƙofa, jini na bin fuskarta. "Ba akuya na aura ba. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki har ya yi gumi. Ku ba ni zuwa Kirsimeti. Sarƙar kuma ku ajiye ta nan."

Jiri ba ya barin Baba tafiya, sai ta ɗaga tayar baya ta tsohon kekensa a kan katako, ta ɗaure keken da sarƙar a jikin mangwaro. Kowace safiya yana tuƙi, ni ce kwandasta.

"Baba, mun wuce Madakiya!"

"Ƙarya kike, ja'ira, ko lungunmu ban fita ba!"

Zagi ya koma haki, haki ya koma waƙar coci. Fushin bai tafi duka ba, amma in ya taso, da kansa yake rarrafawa ya hau, feda ta sha dukan. Kirsimeti biyu ya ci a gidansa kafin farfaɗiya ta ɗauke shi.

Yau da zai ga samari na fyaɗa gudu a babur ba hular kwano, na tabbata kwanon Mama zai kifa musu a kai.

Tabon Mama na nan. Keken ma na nan, Bitrus maƙwabcinmu ke hawa tun da mota ta buge shi. Danginsa sun zo tambayar sarƙa, wai su ɗaure shi. Mama ta ce sarƙar tana aiki.